Jinin Karkade

Awarwaro ɗaya na zinariya ya rage a hannun Hajja Fatna, shi ma a ranta ba nata ba ne. Tun ranar da aka kai mijinta Ashafa makwancinsa, yau shekara biyu, ta ɗaura niyya a kansa: za ta sayar ta kafa sabil, ruwan sha na sadaka, mai ƙishi ya sha, lada ya iske marigayi a kabari. Mutumin nan shekara talatin yana walda a kasuwar Umdurman, ba a taɓa buɗe randar ƙofar shagonsa an tarar da ita a bushe ba. To ruwa ya sani, ruwa za a aika masa.

Abin da ya tsayar da ita, wurin da za ta sa. Awarwaron ɗaya ne. In ya faɗa hannun macuta shi ke nan, Ashafa ya tashi a banza, mai toya kisra, siririyar wainar dawa, a unguwar Umbadda ba ta da inda za ta samo na biyu. Shi ya sa duk wanda ya kalli hannunta sau biyu, ita sai ta kalle shi sau uku.

Sai ga 'yarta Rim da tata maganar. Rim ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Khartum, mai hankali, mai sallah a kan lokaci, aibinta ɗaya: gudu. Kowace Juma'a da an idar da asuba sai ta sa dogon wando da hijabi, ta bi wasu mutane zuwa duwatsun yamma da gari, jabal, su hau da gudu su sauko da gudu.

"Wa ya biyo ku?" Fatna kan tambaye ta.

"Babu kowa, Yumma." Haka take kiran uwarta.

"Me ake sayarwa a can saman?"

"Ba komai."

"Allah ya shirye ku."

A cikin masu gudun akwai mutum takwas da ke kiran kansu 'yan ceto, har da Rim. Wai in wani ya karye, ko ya ɓata hanya, ko rana ta buge shi, su ne za su hau su sauko da shi. Ba gwamnati ce ta sa su ba, ba mai biyansu. Duk abin da suka mallaka: wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya da ake ce wa boksi, da gadon ɗaukar majinyaci da aka ɗaɗɗaure da igiya, sai ƙanƙara. Ƙanƙarar kuwa daga layin su Fatna take fitowa. Ranar Alhamis duk matar da ke da firji takan cika kwanon silba biyu da ruwa ta saka. In Allah ya sa wuta ba ta daɗe a ɗauke ba, da asuba Mahir, shugaban 'yan ceton, ya bi ƙofa-ƙofa ya kwashe a cikin sanduƙi. Fatna ma tana bayarwa. Kwano biyu na ruwa ba sa talauta kowa. Awarwaro kuwa wata magana ce.

"Yumma, ƙofar masallacinmu injin ruwan sanyi biyu gare ta," in ji Rim. "Na uku za ki ƙara? A jabal kuwa mutum sai ya mutu a kan kofi ɗaya."

"Wa ya aike shi jabal?"

"Ke dai ki bar Mahir ya zo ya yi miki bayani."

Ya zo ranar Talata da la'asar, ya tarar da ita a gaban kasko tana shimfiɗa ƙullun kisra. Dogo ne, wai malamin makaranta. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya tambayi gwiwarta, ya tambayi bayanta, ya yi wa marigayi addu'a har sau biyu. Fatna ta ce a ranta, wannan gaisuwa ta fi ƙarfin kwano biyu na ƙanƙara.

Ya ce tayoyin boksi sun suɗe, gado ya tsufa, kuma suna son firji nasu na kansu. Sannan ya ciro waya ya kunna mata bidiyo. Wani siririn saurayi ne kwance a cikin duwatsu, ƙafarsa jina-jina, yana nishi, mutum huɗu suka ɗaga shi suka yi ƙasa da shi.

"Wane ne wannan?"

"Nasidi sunansa, Hajja. Ɗalibi ne daga Kano, yana karatun shari'a a Khartum."

"Ya rayu?"

"Alhamdu lillahi."

"Wa ke biyanku?"

"Allah, Hajja."

"Allah yana biyan kowa. A nan ƙasa nake tambaya."

"A nan ƙasa babu."

"Man mota fa?"

"Karo-karo muke yi, da abin da mutanen kirki suka turo."

"Hannun wa yake shiga?"

Ya sosa ƙeya. "Nawa."

"Sake kunna min."

Ya sake. Ta kawo wayar kusa da ido. Fatna ba ta iya karanta ko sunanta ba, amma jini ta san shi: ta gyara kaji, ta gyara ragon layya, ta ɗaure kawunan 'ya'yan maƙwabta. Jini in ya sha rana yakan yi baƙi, ya daskare, ƙuda su rufe shi. Wannan kuwa ja wur, yana kwarara salalala, kuma ko ƙuda ɗaya babu. Ta miƙa masa wayarsa.

"Sai na yi istihara," ta ce.

Ranar Alhamis Rim ta leƙo madafa. "Yumma, ki dafa mana karkade mai kauri, jarka ɗaya. Kada ki sa sukari."

Fatna ta tsaya da ludayi a hannu. Karkade, zoborodo ke nan, wa ke shansa ba sukari? Kuma ba yau aka fara wannan roƙon ba, ta tuna, wata uku ke nan. Ta dafa, ta tace, ta cika jarka.

Da asubar Juma'a, boksi na barin layi, ta yafa tob ɗinta, dogon mayafin da mata ke naɗawa, ta tsayar da raksha, keke mai ƙafa uku, ta ce da direba, "Bi motar can, kada ka matsa kusa." A gindin jabal ta sa ya laɓe bayan wata bishiyar ƙaya, ita kuma ta samu wani ƙaton dutse ta raɓe, carbi a hannu.

Masu gudu suka hau, suka sauko, suka sha ruwa, suka watse. 'Yan ceto suka rage. Sai ta ga siririn saurayin nan, da wasu korayen takalma, ya taho da ƙafafunsa biyu lafiya lau, ya duba wurin da ba ƙaya, ya kakkaɓe, ya kwanta. Rim, 'yar da ta haifa, ta buɗe jarka ta kwarara masa karkade a ƙwauri. Mahir ya ɗaga waya ya ce, "Yalla, a fara!" Saurayi ya kama nishi kamar mai naƙuda. Mutum huɗu suka zo da gudu, suka ɗaure ƙafa, suka ɗora shi a gado, suka sauko. Da suka ajiye shi ya miƙe yana dariya, ya ɗauki jarkar ya kurɓa, ya yamutsa fuska ya ce, "Don Allah a gaya wa Hajiya ta riƙa sa sukari."

Carbin Fatna ya tsaya cak a hannunta.

Da yamma ga maƙwabciyarta Tayyiba ta shigo ba ko sallama, waya a hannu, hawaye shaɓe-shaɓe. "Fatna, kin ga na yau? Wani bawan Allah kuma!" Bidiyon ne. Wannan karon ba a nuna fuska ba, ƙafa kawai, da korayen takalma. A ƙarƙashi muryar Mahir tana cewa: ga irin aikin da muke yi, duk mai hali ya taimaka.

"Share hawayenki," in ji Fatna. "Karkadena kike yi wa kuka."

Rim na shigowa ta tare ta a tsakar gida.

"Yumma, tadrib ne! Koyon aiki. In ba mu gwada da mai lafiya ba, ranar gaske za mu kayar da mutum."

"Da jini?"

"Don sababbi su saba, kada hannunsu ya yi rawa."

"Kwayyis, na ji. To a cikin maganar da ya aika wa mutane, ya ce koyo ne?"

Rim ta kau da kai.

"Na tambaye ki, ya ce?"

"Bai ce ba. Na yi masa magana."

"Kika yi masa magana, sannan kika zuba karkaden. Sadakar ubanki kike so in miƙa wa mai wannan aiki? Yana kwance yana jira, a kai masa ruwan ƙarya?"

Ranar Talata mata suka taru shan gahawa a gidan Tayyiba kamar yadda suka saba. Fatna ta bari aka zuba kofi na biyu, sannan ta kwashe labari ta zayyana, har da maganar sukari. Aka yi ta salati. Wata ta ce dama ita tun farko ba ta yarda da haƙoran Mahir ba. Wata ta ce ƙila ƙanƙarar ma sayarwa yake yi a tasha. Kafin a kwashe kofuna an gama magana: Alhamis ba mai cika kwano.

Tayyiba ce kaɗai ta ce, "Anya, Fatna? Ƙanƙara kuma me ta yi?"

"Ke zuciyarki kamar ƙullu take. Juma'a ki shirya, zan kai ki ki gani da idonki."

Watan Mayu ne, watan da ko da asuba bango yake da ɗumi. Mahir ya bi layi yana ƙwanƙwasa ƙofofi, ba wadda ta buɗe. Ya ƙare a ta Fatna.

"Hajja, ƙanƙara."

"Babu."

"Na ji abin da ake faɗa. Ki ba ni lokaci zan yi miki bayani. Amma yau akwai zafi, wallahi, kuma masu sayarwa ba su buɗe ba. Ko kwano ɗaya ne."

"In wani ya faɗi ku zuba masa karkade."

Rim ta wuce ta gabanta da takalma a hannu, ba ta ko kalle ta ba. Fatna ta ji Mahir yana cewa to yau sai a rage hanya, a juyo daga rabin dutse. Boksi ta tashi da sanduƙi ba komai a ciki.

Ita da Tayyiba suka bi a raksha, suka zauna a 'yar inuwar bishiyar ƙayar nan. Rana ta ɗaga. Duwatsu suka fara fitar da tururi. Masu gudu suka riƙa saukowa ɗaya-ɗaya, suna faɗawa gindin boksi suna haki. Can sai aka ga Mahir yana kiran sunaye, ya kira ya sake kira. Ya yi wata tsawa. 'Yan ceto suka fizgi gado suka hau da gudu, Rim a gaba.

"To an fara," in ji Fatna. "Buɗe idonki."

Amma ba su tsaya a wurin rannan ba. Suka yi ta hawa har suka ɓace. Aka daɗe. Inuwa ta janye daga ƙafafun matan. Tayyiba ta fara "La haula", Fatna ta ce ta yi shiru, salo ne suka canza.

Da suka ɓullo, suna tafe suna tuntuɓe, gado yana karkata. Fatna ta kare ido da hannu. A ƙarshen gadon ga korayen takalma suna lilo.

"Shi ne ma! Ko canza mutum ba sa iya yi. Taso."

Ta miƙe ta nufe su, tob yana kaɗawa, Tayyiba na biye. Suna ajiye gadon a bayan boksi tana isowa. Ta ture wani, ta tsaya a kansa.

"Tashi, ɗan Kano! Asiri ya tonu. Tashi ka sha karkadenka, yau har da sukari!"

Ta ɗaga hannu ta sakar masa mari a kumatu.

Hannun da ya shekara ashirin yana ɗaga kisra daga kasko ba ya tsoron zafi. Amma sai da ta janye shi. Fuskar yaron kamar kaskon ce sak, kuma a bushe ƙamas, ko ɗigon gumi babu. Idanunsa a buɗe, ba ta suke kallo ba. Leɓensa ya fashe. Yana wata magana ƙasa-ƙasa wadda ba Hausa ba, ba Larabci ba. Mutum yana iya ƙirƙirar nishi. Wannan zafin ba mai iya ƙirƙirarsa.

"Rana ce ta buge shi," in ji Rim, muryarta a bushe. "Bai ji an ce a juyo ba, ya wuce har ƙoli. Yumma, matsa."

Wani cikin sababbi ya yi tsalle ya hau mota ya buɗe sanduƙi. "Ina ƙanƙarar?"

Ba wanda ya kalli Fatna. Da sun zage ta da ya fi mata sauƙi.

Rim ta yage masa riga, ta kwarara masa ruwan jarka. Ruwan ya sha rana, ya yi ɗumi kamar na wankan jego, yana sauka yana gangarewa ƙasa. Fatna ta dubi ruwan da ke tafiya a banza. Ta tuna randar Ashafa, yadda yakan naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu ya ajiye ta inda iska ke bugawa.

"Maza, ku kau da kai," ta ce.

Tun da aka kai ta ɗakin miji ba namijin waje da ya taɓa ganinta ba tob. Ta warware shi, ta tsaya daga ita sai doguwar riga da ɗankwali. Ta dunƙule yadin nan mai tsawo ta tsoma a bokiti, ta fitar yana zuba, suka shimfiɗa masa ita da Rim daga wuya har gwiwa.

"Haka, Yumma, haka. Ki riƙa jiƙawa, kada ya bushe."

"Kai, dogo!" Fatna ta daka wa Mahir tsawa. "Me kake jira? Ja motar, iska muke so!"

Boksi ta fizga. Fatna na durƙushe a baya, gwiwar da aka tambaye ta lafiyarta tana dukan ƙarfe, tana yayyafa ruwa tana karanta duk abin da ta haddace. Rim ta riƙe kan Nasidi a gefe, yatsunta a wuyansa. Tayyiba ta maƙale a kusurwa tana fifita da murfin sanduƙi, sai ta fashe da kuka.

"Fatna, kada ki yi faɗa."

"Mene ne kuma?"

"Na cika kwanonina jiya. Hannuna ne ya saba. Na ji tsoron bakinki na bar su a firji."

Fatna ta buga rufin mota da tafin hannu. "Gidan Tayyiba! Bakin titi ne, tsaya gidan Tayyiba!"

Ba a taɓa ganin Tayyiba tana gudu ba sai ranar. Ta fito da kwano biyu a ƙirji. Rim ta buga su a ƙarfen mota, ƙanƙara ta fashe, ta cusa a hammatarsa, ta jera a wuyansa, ta ba uwarta wani ɓari ta ce ta riƙe a goshi. Fatna ta riƙe har yatsunta suka mutu. Kwano biyu. Da Juma'ar bara ce, ko ta makon jiya ma, da ashirin ne a sanduƙin nan tun a gindin dutse.

A asibiti aka karɓe shi aka rufe ƙofa, Rim ta bi su ciki. Tayyiba ta ara wa Fatna mayafi. Suka zauna a baranda. Aka kira sallar Juma'a, maza suka tafi suka dawo, ƙofa ba ta buɗe ba.

Mahir ya zauna a ƙasa can gefe, ya jingina da bango. Rigarsa ta yage a kafaɗa, inda sandar gadon nan mai igiya ta ci shi tun daga ƙoli. Jinin wurin ya yi baƙi, ya daskare, ƙuda uku suna kai suna kawowa. Fatna ta daɗe tana kallonsu.

Tayyiba ta laluba jakarta ta ciro wata waya mai fasasshen gilashi. "Ungo, ya Mahir. Ta faɗo daga aljihunka kuna ɗora shi a mota. Ko waiwayowa ba ka yi ba."

"Ina bidiyon yau?" in ji Fatna.

"Babu, Hajja."

"Me ya sa? Yau ne ma za a turo maka da yawa."

Ya ɗaga hannuwansa biyu ya nuna mata, duk sun saluɓe. "Da wanne zan ɗauka? Na gaske ba mu taɓa ɗauka ba. Mutum goma sha ɗaya muka sauko da su a shekara uku, ko hoton ɗaya ba mu da shi. In na tafi roƙo da baki kawai, sai a ce wa ya aike su jabal."

Fatna ta gyara zama. Maganarta ce, ta gane ta.

"Shi ne ka yi ƙarya."

"Ban taɓa cewa na gaske ba ne."

"Ba ka ce na wasa ba ne. Ka bar tsohuwa tana kuka a kan zoborodo. Malamin makaranta!"

Ya sunkuyar da kai. "Gaskiyarki."

"Ni kuma na kife kwanoni," ta ce, ba shi take kallo ba. "Wannan tsakanina da Ubangijina ne, da yaron nan in Allah ya tashe shi."

Sai bayan la'asar Rim ta fito, idanu jajur. Ta ce ya farfaɗo, ya faɗi sunansa, ya faɗi sunan garinsu. Likita ya ce za a riƙe shi kwana uku a duba ƙodarsa, ya kuma tambaya wa ya naɗe shi da tob. Fatna ta juya gabas ta yi sujada a kan simintin nan mai zafi.

Kwana uku tana kai masa kunu. Rana ta biyu ya dube ta ya ce, "Hajiya, wani abu nake tunawa kamar a mafarki. Ke ce kika mare ni?"

"Ni ce. Ka yafe min."

"Marin? Ai ba komai."

"Ba marin ba." Ta gaya masa zancen kwanoni, ba ta rage komai ba.

"Na yafe, Hajiya. Ni ma ai na kwanta na yi nishin."

"Ka yi. Kuma ba ka iya ba."

Mako na zagayowa ta cire awarwaro. Wurin ya bar farin zobe a fatarta. Ta ja Tayyiba suka shiga kasuwar Umdurman, ta zaga masu zinariya biyar kafin ta yarda da ma'aunin ɗaya. Daga nan suka wuce layin masu kayan wuta ta zaɓi firji irin na kwance, ƙato, mai kaurin bango, wanda ko wuta ta yini a ɗauke ƙanƙara ba za ta saki ba. Ta kira Mahir ya zo da boksi. Ya zo bakinsa har kunne, aka ɗora, ya ce akwai wuri a gidansa, ya riga ya share.

"Gidan wa? Zaurena za ka kai."

"Amma Hajja, da asuba..."

"Da asuba ina farke tun kafin kai."

Ta sa tsohon abokin aikin Ashafa ya yi wa murfin marataya ta kwaɗo, ya rubuta a jiki da koren fenti: sabil na marigayi Ashafa, a yi masa Fatiha. Ta sa Rim ta karanta mata, sannan ta kira wani mai wucewa shi ma ya karanta, ta ji ko daidai ne. Makulli ta ɗaure a bakin tob.

Sharaɗi ɗaya ta gindaya: kafin ƙanƙara ta fita daga zauren, Mahir ya aika wa duk wanda ya taɓa aika wa bidiyo, ya faɗa da bakinsa cewa koyo ne, jinin karkade ne. Ya faɗa a gabanta. Wasu suka zage shi, wasu suka daina turowa, tayoyin boksi suna nan a suɗe har yau. Matan layi kuwa, rabi sun koma cika kwano suna kawowa zaure, rabi sun ce su dai har yanzu ba su yarda da haƙoransa ba. Fatna ba ta yi musu da su ba. Ita ma ba ta ce ta yarda ba.

Ranar Juma'a, ana sallame asuba, ta buɗe kwaɗo. Sanyi ya bugi fuskarta. Ta yi bismillah, ta ce Allah ka kai ladan kabarin bawanka Ashafa, ta riƙa miƙa wa Mahir da Rim suna jerawa a sanduƙi. Da suka gama ta kulle, ta ja ƙofar gida, ta zagaya ta buɗe gaban boksi ta zauna, ta ɗora jakar carbinta a cinya.

Mahir ya leƙo ta taga. "Hajja, ina zuwa?"

"Sadakar mijina ce," ta ce. "Zan ga inda take narkewa. Ja mu je."